Biyar Ne, Ba Bakwai Ba

Masu iya magana kan ce sauri ya haifi nawa. Mun sha kawo wannan karin magana a takardun jarrabawa, muna yi masa fashin baƙi har shafi biyu, amma ba mu taɓa ɗanɗana gaskiyarsa a jikinmu ba sai a kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka shiririta ce, wato kiɗan wani wasan kwamfuta da ya riƙa yi mana i'ina. Sau biyu kiɗan nan ya yi mana haka, tsakanin na farko da na biyu kuwa akwai kusan shekara talatin. A karon farko kwana tara muka yi muna neman bakin zaren, alhali mai amsar yana tare da mu cikin ɗaki ɗaya, muna sa hannu a kwano ɗaya. A karo na biyu mun san amsar tun kafin a tambaye mu, sai dai mai ita ba ya nan. Mu huɗu ne muka haɗu muka tsara wannan ɗan rubutu, domin laifin da ke cikinsa namu ne mu duka, babu wanda zai ce a cire sunansa.

A shekarar 1996 malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga wani dogon yajin aiki wanda ya ci watanni. A lokacin muna ɗalibai a wata jami'a ta kudu, muna nazarin harsuna, Hausa ce kuma babban fagenmu. Da aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, sai masu hali suka kama hanyar arewa. Mu kuwa aljihunmu bai kai kuɗin mota ba, ga kuma jita-jitar kullum cewa gobe ko jibi za a janye, don haka muka tattara komatsanmu muka nufi unguwar Sabo. A can wani dattijo falken goro, wanda kowa ke kira Alhaji, ya ba mu ɗaki a bayan shagonsa. Alhaji bai yi boko ba, amma yana da idon kasuwa. Ya lura 'yan unguwa sukan tafi har cikin gari don a buga musu takardar yarjejeniya ko katin ɗaurin aure, sai ya sayi kwamfuta ta gwanjo, irin wadda mutanen can ke kira tokumbo, ya haɗa da na'urar buga takarda, ya buɗe ɗan shago. Sharaɗin da muka yi da shi ba mai wuya ba ne: mu yi masa bugu da rana, shi kuma ya ɗauke mana kwana da abinci. Da dare, in an ci sa'a akwai wuta, kwamfuta tamu ce.

Ita wannan kwamfuta, ƙwaƙwalwarta irin wadda ake kira 486 ce, ma'adanarta ta aiki megabait 4 kacal, tsarin DOS ke tafiyar da ita, sai ka rubuta mata umarni a kan baƙar fuska kafin ta motsa. Wayar da ke aljihun ɗalibin yau ta ninka ta ƙarfi sau dubbai, amma a wancan lokaci ko takalmi ba mu yarda a shiga da shi inda take ba. Abin da ya ƙara mata daraja a idonmu shi ne wanda ya sayar da ita ya bar katin sauti a cikinta, irin masu bin tsarin Sound Blaster, wanda kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fito da shi a 1989. Alhaji bai san da katin ba, bai kuma da buƙatarsa, tunda katin ɗaurin aure ba ya waƙa.

Na biyar ɗinmu a ɗakin wani yaro ne ɗan shekarar farko a sashen injiniyan lantarki. Garinsu ɗaya da ɗayanmu, iyayensa suka ba mu amanarsa, saboda haka muke ce masa Auta. Yaro ne mai natsuwa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanke kwano, ba don an tilasta masa ba. Yana da i'ina mai nauyi. Idan kalma ta fara da b ko d ko k, yakan tsaya a bakinta kamar wanda ya iske ƙofa a kulle, leɓunansa na rawa, idonsa a rufe, har sai ta buɗe. Mu kuwa, da yake muna ganin taimako ne, mun saba ƙarasa masa magana. Ya ce "Yaya, zan tafi k-k-k", mu ce "kasuwa, to, a dawo lafiya." Sau da yawa mukan dace. Ba mu taɓa tambayar kanmu abin da ke faruwa a ranakun da ba mu dace ba.

Wata rana ɗan wani abokin cinikin Alhaji ya zo daga Legas da 'yan faya-fayan nan masu kusurwa huɗu, waɗanda kowane ɗaya ke ɗaukar megabait 1.44, ya ce akwai wasa a ciki. Sunan wasan Jazz Jackrabbit, kamfanin Epic MegaGames na Amurka ya fitar da shi a 1994, kamfanin da daga baya ya koma Epic Games, ya kuma yi Fortnite da yaran yanzu suka sani. Samari biyu ne ginshiƙansa, Arjan Brussee ɗan ƙasar Holan, wanda ya rubuta shirin, da Cliff Bleszinski Ba'amurke, wanda ya tsara fasalinsa. Kiɗan kuwa Robert Allen ne ya yi. Kashi shida aka yi wasan tun farko, kashin farko kuma kyauta ne, an yarda kowa ya kwafa ya ba wani, ta haka ne ya yi ta tafiya hannu da hannu har ya iso Sabo. Labarinsa bai zame mana baƙo ba ko kaɗan, domin tsohuwar gabar zomo da kunkuru ce aka sabunta: wani koren zomo mai jan ɗankwali, riƙe da bindiga, yana gudu kamar iska yana yaƙar rundunar kunkuru don ya ceto gimbiyar da sarkinsu ya sace.

Muka zuba wasan, muka ari lasifika, muka shiga shirin saiti inda ake gaya wa wasa irin katin sautin da ke cikin na'ura. Ya tambaye mu lambobi uku. Babbanmu, wanda ya taɓa yin kwas na wata uku a kan kwamfuta, muke kuma kallonsa a matsayin gwani, ya buɗe wani fayil mai suna AUTOEXEC.BAT, ya nuna mana layin da aka rubuta SET BLASTER=A220 I7 D1, ya ce ga amsa nan a rubuce: 220, da 7, da 1. Muka sa. Wasa ya tashi, launuka suka cika fuskar kwamfuta, zomo ya fara gudu. Sai dai kash, kiɗan bai tafi ba. Wani ɗan guntun sauti ne kawai, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, yake ta maimaita kansa, da-da-da-da-da, ba gaba ba baya, kamar tsohon faifan garmaho da allura ta maƙale a kansa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana wa mai karatu abin da mu kanmu ba mu sani ba a wannan dare. Kiɗan wasan ba ɗaukakke ba ne kamar na kaset. An bi wata dabara ce da ta samo asali a kwamfutar Amiga a 1987, inda ake adana 'yan guntayen muryoyin kayan kiɗa, da jadawalin da ke nuna wace murya za ta fito a wane lokaci, sannan ita kwamfuta ta riƙa haɗa su nan take yayin da ake wasa. Aikin kamar na mutum biyu ne da allo biyu. Marubuci, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya rubuta sauti a allo na farko ya miƙa. Makaranci, wato katin sauti, ya ɗauka yana karantawa da ƙarfi, shi kuwa marubuci ya juya kan allo na biyu. Da makaranci ya kai ƙarshen allonsa sai ya ƙwala kira cewa ya gama, a wanke a sake rubutu, ya koma kan ɗayan. Haka za su yi ta yi sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kunne kuwa ya ji kiɗa santala-santala ba tare da ya ji wurin haɗi ba.

Shi wannan kira yana da hanyar da yake bi, wadda masana ke taƙaitawa da haruffa IRQ. Kwamfutocin wancan zamani suna da irin waɗannan layukan kira guda 16, daga 0 zuwa 15, kusan kowane da mai shi: 0 na agogon ciki, 1 na madannai, 6 na ɗakin faifai, 7 kuwa na ƙofar da ake jona na'urar buga takarda. Katunan Sound Blaster na farko a kan 7 suke fitowa daga masana'anta, daga baya aka koma 5, domin shi galibi babu kowa a kansa. To, idan makaranci yana kira ta layi ɗaya, marubuci kuma an ce masa ya kasa kunne a wani layin dabam, kiran ba zai taɓa isa ba. Ba za a wanke allo ba, ba za a yi sabon rubutu ba, makaranci zai yi ta zagaya tsohon rubutun nan har abin da hali ya yi. Wannan ita ce i'inar da muke ji. Katin lafiyarsa lau, wasan lafiyarsa lau. Kira ake yi, ba a sauraro a inda ya dace.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mun fara ɗora laifi a kan lasifika, muka je muka aro ta mai shayin bakin titi, ba ta canza zani ba. Muka ce faya-fayan ne suka lalace a hanya, muka goge muka sake zubawa har sau uku. Muka ce ƙwayar cuta ce ta shiga, muka kwana muna bincike ba mu sami komai ba. Muka ce ƙarancin ƙarfin wuta ne, muka jira har tsakar dare lokacin da ƙwai ke haske sosai, i'ina na nan. Muka rage ingancin sautin a cikin saiti, sai kawai i'inar ta canza murya. A rana ta biyu muka kwance murfin na'urar don mu hure ƙura, Auta ne ya riƙe mana tocila. Mun lura ya daɗe yana leƙen katin sautin, ya kai fuskarsa kusa da wasu 'yan allurai da ke jere biyu-biyu, inda aka ɗora wa biyu daga ciki wata 'yar baƙar hula ƙarama kamar ƙwayar shinkafa. A gefensu an buga lambobi da farin fenti, 2 da 5 da 7 da 10. Mu ƙura muke nema, ba mu dubi lambobi ba.

Da aka mayar da murfi, sai ya matso kusa da babbanmu ya ce, "Yaya, ai layin nan na kati b-b-b…"

"Bakwai ne, mun sani, mun riga mun sa," in ji babbanmu, ko waiwayowa bai yi ba.

Auta ya girgiza kai, ya sake ɗaukar numfashi, amma kafin ya buɗe baki wani cikinmu ya riga ya kawo sabuwar shawara, hankali ya koma can. Bayan kwana biyu ya sake gwadawa muna cin abinci. "Yaya, maganar layin nan, b-b-b…" Muka amsa baki ɗaya, "Bakwai!" Har muna jin daɗi, muna cewa ga shi ɗan sashen lantarki ma ya tabbatar mana. A karo na uku, ranar da gajiya da haushi suka taru, yana cikin fama da harafin nan sai ɗayanmu ya ce, "Kai Auta, ashe kai da kwamfutar nan ciwonku ɗaya." Muka fashe da dariya, mu huɗu duka. Magana zarar bunu ce. Yaron bai ce komai ba, ya wanke hannu ya tashi. Daga ranar ya daina cin abinci tare da mu, sai mun gama ya ɗauki nasa ya fita tsakar gida.

Mu kuwa muka ci gaba da haƙa inda babu ruwa. Gwaninmu ya ce matsalar ta ma'adana ce, domin DOS tana da wani ƙa'idajjen fili na kilobait 640 da shirye-shirye ke cunkusuwa a ciki, don haka sai an rage kaya. Muka shiga fayil ɗin CONFIG.SYS muna goge layukan da ba mu san aikinsu ba. Washegari da safe kwamfuta ta ƙi tashi yadda ta saba, ga kuwa wani bawan Allah a bakin shago yana jiran katin ɗaurin auren 'yarsa guda ɗari biyu, ranar Asabar za a yi. Sai bayan la'asar muka samu muka mayar da abin da muka goge, mutumin kuwa ya riga ya kai aikinsa cikin gari. Da magariba Alhaji ya kira mu zaure. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Ya'yana, ni ban san abin da kuke nema a cikin akwatin nan ba. Amma na san da shi nake ciyar da ku. In ya sake kwana bai yi aiki ba, to, sai dai ku yi haƙuri ku nemi wani wurin." Muka fito jiki a sanyaye. Ba mu da wani wurin. Duk da haka, mai karatu zai yi mamaki, a daren nan sai da muka kwanta muna ƙulla yadda gobe za mu sake taɓa fayil ɗin, a hankali dai wannan karon.

Wajen ƙarfe biyun dare wani abu ya tashe mu. Kiɗa ne, a hankali, yana fitowa daga shago. Cikakken kiɗa mai ganga da kayan busa, yana hawa yana sauka, babu tsayawa babu maimaici. Muka fita da sanɗa. Auta ne zaune gaban kwamfuta, hasken fuskarta a kan tasa, bai ma taɓa madannai ba, ya bar zomo a tsaye, yana bin kiɗan da muryarsa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne muryar ba ta sarƙewa ko kaɗan, tana tafe sumul kamar ba tasa ba. Da ya gan mu sai ya yi shiru. Ya fita daga wasan, ya buɗe shirin saiti, ya ɗora yatsa a kan lamba guda. Sannan ya juyo ya dube mu, ya haɗa leɓunansa, ya fara. "B-b-b…" A wannan karon babu wanda ya yi motsi. Muna ganin jijiyar wuyansa, muna jin kiɗan ƙirjinmu. Sai kalmar ta fito.

"Biyar."

In an ƙididdige, ba ta fi daƙiƙa shida ba. Kwana tara muka ɓatar, muka ja wa Alhaji asara, muka kusa rasa wurin kwana, saboda mun kasa ba yaro daƙiƙa shida. Bayanin kuwa a fili yake: wani da ya riƙe na'urar kafin mu ya matsar da 'yar hular nan zuwa 5, mai yiwuwa don a bar wa na'urar buga takarda layinta na 7, amma bai gyara abin da ke rubuce a fayil ba. Mu muka gaskata rubutu, shi ya dubi katin da idonsa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ba a ce babba ya rufe ido ya toshe kunne ba.

Abin kunyar ya fi yawa a kanmu domin mu ɗaliban harshe ne. Mun haddace cewa sautin b baleɓe ne, tsayau, mai ziza, wato sai leɓɓa sun haɗu sun tare iska sannan su sake ta. Mun san biyar da bakwai da wannan sauti ɗaya suka fara, da za a tambaye mu a jarrabawa da mun ci maki. Amma ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa wanda ya tsaya a kan b hanya biyu ce a gabansa ba, mu muka zaɓar masa ɗaya. Daga baya ne muka karanta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da i'ina, maza sun fi mata yawa a ciki, ba ta da dangantaka da ƙarancin basira, masu ita da dama kuma sukan rera waƙa ba tare da sarƙewa ba. Muka kuma karanta cewa shawarar farko da masana ke ba wanda ke zaune da mai i'ina ita ce kada ya ƙarasa masa magana. Tun 1998 ake ware ranar 22 ga Oktoba don wayar da kai a kan haka. Duk wannan ilmi ya zo mana a makare.

Da gari ya waye ɗayanmu ya tambaye shi dalilin da bai rubuta a takarda ba tun ranar farko. Ya daɗe kafin ya haɗa amsar, muka kuma jira shi. Ya ce da farko ya ɗauka za mu tsaya, daga baya kuma zuciya ce ta hana shi. Ya ce da ba don ya ji maganar Alhaji a zaure ba, da ya bar mu mun yi ta yi. To, maimakon mu ce ya yafe mana, sai muka yi abin da samari suka saba yi idan kunya ta kama su, muka mayar da zancen raha. Muka laƙaba masa suna Biyar. Sunan ya bi shi har ya gama jami'a, yakan amsa da murmushi, mu kuma muka ɗauki murmushin a matsayin yafiya ba tare da mun roƙa ba.

Shekaru suka shuɗe. Zamanin 'yar baƙar hula ya wuce, na'urori suka koma raba wa kansu layukan kira ba tare da sa hannun mutum ba. Biyu daga cikinmu suka zama malamai a wannan sashe, ɗaya ya shiga aikin jarida, ɗaya kasuwanci. Auta ya zama injiniya, ya yi iyali, mukan haɗu a biki ko ta'aziyya. Damina biyu da suka wuce Allah ya yi masa rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya. A wurin jana'iza, da aka yi shelar da aka saba cewa duk wanda ke bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya zo ya faɗa, mu huɗu muna tsaye a sahu ɗaya. Muka dubi juna, muka sunkuyar da kai.

Kwanan baya babbar 'yarsa, wadda yanzu ɗaliba ce a wannan jami'a, ta yi sallama a ofis riƙe da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta ce, "Baffa, na sami wata jaka a cikin kayan Baba, ya sa mata suna BIYAR. Wasa ne a ciki, na yi ƙoƙarin kunnawa amma kiɗan ya ƙi tafiya." Ashe duk tsawon shekarun nan yana kwashe jakar daga faifai zuwa faifai, bai taɓa yar da ita ba. Muka ce ta dawo ranar Asabar, muka kira sauran biyun, suka zo.

Windows ta yanzu ba ta tafiyar da shirye-shiryen DOS kai tsaye, don haka yarinyar ta yi amfani da DOSBox, wata manhaja ta kyauta da aka fara fitarwa a 2002, wadda ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ɗungurungum, har da katin sautinta. Da ita ce ma aka sake fitar da wasan a kasuwa a 2017. Ta danna, zomo ya bayyana, sai ga shi: da-da-da-da-da. Gashin jikinmu ya tashi. Ba mu buƙaci bincike ba. Katin da DOSBox ke kwaikwaya a kan layi na 7 yake zuwa, wasan kuwa yana nan riƙe da 5 ɗin da Auta ya sa masa a daren nan na Sabo. Gyara iri biyu ne, kowanne zai yi: ko a shiga saitin wasan a mayar da 5 zuwa 7, ko a buɗe fayil ɗin tsarin DOSBox a mayar da irq=7 zuwa irq=5. Yarinyar ta kai hannu za ta yi na farko, domin ya fi sauƙi. Babbanmu, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya ce, "A'a, 'yata, bar wannan lambar yadda ya bar ta. Ita na'urar ce za ta koma inda yake."

Aka yi haka, kiɗa ya tafi. Sai dai bayan ɗan lokaci muka ji wata tangarɗa dabam, ba maimaici ba, 'yan guntayen shiru ne ke ratsa kiɗan jefi-jefi, da ɗan ƙas-ƙas. A nan yarinyar ce ta zama malamarmu. Ta ce wannan kira yana isa, marubuci ne ba ya gama rubutu kafin makaranci ya zo karɓa, domin kwamfutarta ba mai ƙarfi ba ce, kwaikwayon kuma yana cin ƙarfi. Ta danna Ctrl da F11 ta rage saurin da ake kwaikwaya, don na'urar ta sami sarari. Sannan ta ƙara girman allon: inda aka rubuta blocksize=1024 ta mayar 2048, ta kuma ɗan ɗaga lambar prebuffer. Ta yi mana lissafi a bayan ambulan, cewa idan ana fitar da ɗigon sauti 44,100 a daƙiƙa, allo mai ɗigo 1,024 yakan ƙare cikin kashi 23 na dubun daƙiƙa, mai 2,048 kuwa ya kai kashi 46, marubuci ya sami ninkin lokaci. Abin da za a biya kawai shi ne ɗan jinkiri tsakanin harbin bindigar zomo da jin ƙararta, wanda da ƙyar kunne ke kamawa. Saboda haka duk wanda kiɗan wasa ya yi wa gardama, kafin ya taɓa komai ya fara sauraron irin gardamar. In guntu ɗaya ke maimaituwa a tsohon wasa, ya binciki layin kira. In shiru ke ratsawa, ya rage wa na'ura kaya, ya ƙara mata lokaci. Kada kuma ya canza abu biyu a lokaci ɗaya, kada ya goge layin da bai san aikinsa ba.

Da komai ya daidaita, sai ta tambaye mu ma'anar sunan jakar. Muka gaya mata duka, ba mu rage ba, har da maganar nan da aka yi a kan abinci da dariyar da ta biyo baya. Muka ce mata mahaifinta na bin mu bashi, ranar da aka yi shela kuma ba mu iya fitowa ba. Ta yi shiru, tana kallon zomon da ke tsaye a fuskar kwamfuta. Can ta ce, "Baffa, bai taɓa ba mu wannan labarin ba. Abin da yake cewa kawai, a wurin yayyensa na Sabo ya fara taɓa kwamfuta." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma a gida akwai doka ɗaya da ba ya wasa da ita. In ƙaramin cikinmu yana magana, ko shirme yake yi, ba mai katse shi sai ya dire."

Babu wanda ya sami abin cewa. Ta ƙara muryar lasifika, kiɗan nan na daren Sabo ya cika ofis, muka zauna mu biyar muna saurare har ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. A ajinmu na bana akwai wani yaro da yakan tsaya a bakin kalma idan ya tashi amsa tambaya, 'yan aji su fara guna-guni, wasu su miƙa masa kalmar. Mukan ɗaga hannu mu ce a dakata, mu ajiye alli, mu jira shi.

Allah ya jiƙan Auta, ya kai haske kabarinsa, ya sa ya yafe mana.